Lamunin Mai Sana'a da Zuwan Mota: Tarihin Rikicin Gyara Tsakanin Masu Motoci da Kanikawa a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu da Gwaram ya sha ganin mota a gefen tasha an ɗora ta a kan duwatsu, injinta a ƙasa an lulluɓe shi da buhu, ƙura ta rufe gilashi har yara suna rubutu da yatsa a kai. Wani lokaci rashin kuɗin gyara ne ya zaunar da ita, amma sau da yawa gardama ce. Mai mota ya ce da ƙafarta ya kawo ta, da ɗan ciwo kaɗan, bakanike ya ƙarasa ta. Shi kuwa bakanike ya ce ya yi aikinsa yadda ya kamata, kayan gyaran da aka kawo masa ne jabu, ko kuma direba ne ya yi ta gudu da ita babu ruwa. Kafin a raba wannan gardama, abincin gidan direba da na karen mota ya tsaya, sunan gareji ya ɓaci, wani lokaci ma yaron gareji ya kwana a ofishin 'yan sanda. Idan kuwa gyaran na birki ne ko na sitiyari, to, maganar ta wuce ta dukiya ta zama ta rayukan fasinja.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin tambaya guda: idan gyara ya ɓaci, wa zai yi ranko? Za mu nuna cewa ƙasar Hausa ta gaji cikakkiyar amsa game da masu sana'a tun kafin a ƙera mota, kuma an gina amsar a kan abu ɗaya, watau ɓoyuwar kaya daga idon mai shi. Za mu kuma nuna yadda mota ta sake ma'anar wannan ɓoyuwa, da yadda kowane zamani ya ƙara wani hannu a cikin gyara, har alhaki ya rarrabu ya yi wuyar kamawa.

2.0 ƘASAR DA HANYARTA

Birnin Kudu tana kimanin kilomita 130 kudu maso gabas da birnin Kano, Gwaram kuwa tana gabas da ita, a kan iyaka da Jihar Bauchi. Dukansu biyu suna cikin Masarautar Kano a ƙarni na 19, kuma a rabin ƙarshe na wannan ƙarni su ne bakin daga tsakanin Kano da Ningawa. Sun shiga Jihar Kano da aka ƙirƙiro a 1967, sa'an nan suka koma Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, a ƙarƙashin Masarautar Dutse.

Abin da ya sa wannan yanki ya dace da nazarinmu shi ne hanya. Tsohuwar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta nan ta ratsa, ta je ta haɗu da ta Bauchi zuwa Potiskum a Kari, kuma daga Babaldu wata ta ɓalle ta nufi Ningi da Bauchi. Saboda haka tun da wuri garuruwan nan suka zama wurin yada zango ga manyan motoci, kuma kasuwanni irin ta Sara suka riƙa jawo motocin hatsi da na dabbobi. Wannan ya haifar da gareji mai baƙi iri biyu. Akwai ɗan gari, wanda bakanike ya san ubansa, za su kuma haɗu a masallaci da wurin suna. Akwai kuma matafiyi, wanda motarsa ta lalace a hanya, aka gyara masa cikin gaggawa, aibin gyaran bai bayyana ba sai da ya yi nisan kilomita ɗari. Rikicin na farko yakan ƙare a zaure. Na biyu kuwa sau da yawa ba ya samun wurin ƙarewa ko kaɗan.

3.0 KAFIN MOTA: LAMUNIN MASU SANA'A

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Kano da littattafan mazhabar Malikiyya suke hukunci, musamman Risala ta Ibnu Abi Zaidi Alƙairawani (ya rasu 996), da Muhtasar na Shaihu Halilu, da Tuhfa ta Ibnu Asim (ya rasu 1426). Asalin ƙa'ida a cikin waɗannan littattafai ita ce wanda aka ba ajiya amintacce ne. Idan kaya ya salwanta a hannunsa ba da sakaci ba, babu ranko a kansa. Haka ma ɗan ƙodago da ke aiki a gidan wanda ya ɗauke shi. Amma malaman Malikiyya sun fitar da rukuni guda daga wannan ƙa'ida, watau masu sana'ar da suka kafa kansu don jama'a, kamar maƙeri da maɗinki da marini da majemi. Mudawwana ta Sahnunu (ya rasu 854) ta keɓe wa al'amarin babi na musamman, kuma wani alƙalin Maroko, Ibnu Rahhal (ya rasu 1728), ya wallafa littafi sukutum a kansa.

Dalilin wannan togaciya maslaha ce. Shaɗibi (ya rasu 1388) ya kawo ta a matsayin misalin hukuncin da aka gina a kan amfanin jama'a, yana jingina ta ga Halifofi shiryayyu, musamman Sayyadina Aliyu. Mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, kuma ba za su iya tsayawa a kansu dare da rana ba. Da za a karɓi maganar kowane marini cewa riga ta ɓata, da an buɗe ƙofar cin dukiyar mutane. Don haka aka juya nauyin hujja: mai sana'a ne zai kawo shaidun cewa kaya ya halaka ba da laifinsa ba, in ya kasa ya biya.

Akwai rassa na wannan hukunci da ya kamata mu riƙe, domin kowannensu zai sake bayyana a gareji.

Na farko, lamuni yana tabbata ne idan mai sana'a ya ɓoyu da kayan, watau ya yi aikin a rumfarsa ko gidansa ba a gaban mai shi ba. Idan a gidan mai kaya aka yi aikin, ko yana zaune yana kallo, to, babu ranko sai an tabbatar da ƙetare iyaka ko sakaci.

Na biyu, abin da ake biya shi ne ƙimar kayan a ranar da aka danƙa shi, kuma a wannan hali mai sana'a ba shi da ladan aiki. Idan ɓarnar kaɗan ce, sai ya biya gwargwadon abin da ya rage wa kayan daraja.

Na uku, a mashahurin zance na mazhaba, ko da mai sana'a ya gindaya sharaɗin cewa babu ruwansa da abin da ya sami kaya, sharaɗin ba ya aiki.

Na huɗu, yaron da ke aiki a ƙarƙashin mai sana'a amintaccen maigidansa ne. Mai kaya maigida zai bi, domin shi ya karɓi aikin.

Na biyar, an sassauta a kan aikin da shi kansa akwai kasada a cikinsa. Ibnu Rushdi (ya rasu 1198) ya kawo misalin huda lu'ulu'u, da zane a kan dutsen zobe, da miƙar da takobi, da aikin likita da na mai maganin dabbobi. A irin waɗannan babu ranko sai an san cewa mai aikin ya saɓa wa yadda gwanayen sana'ar ke yi. Maƙerin da aka kai wa lanƙwasasshen takobi a ƙasar Gwaram zamanin yaƙin Ningi, idan ya karye a hannunsa yana miƙarwa bisa ƙa'ida, wannan reshe ya kare shi.

Reshe na biyar ya nuna mana cewa alƙali shi kaɗai ba ya iya yanke irin wannan shari'a, sai ya nemi masana sana'ar su duba aikin. A birnin Kano da manyan garuruwa akwai sarakunan sana'a, irin su Sarkin Maƙera, waɗanda suke tattara haraji da aikin fada, suke kuma sasanta 'yan sana'arsu da masu kawo musu aiki. Da hukuncin littafi da idon gwani tare suke tafiya. Kuma kayan da ake gardama a kai, garma ce ko riga ko sirdi, abubuwa ne da kowane baligi zai juya a hannunsa ya ga inda aibi yake.

4.0 ZAMANIN TURAWA, 1903 ZUWA 1960

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su rushe kotunan alƙalai ba; sun yi musu doka, sun kasa su daraja-daraja, sun sa su a ƙarƙashin En'e, kuma da aka tura hakimai su zauna a gundumominsu sai aka sami alƙalai a hedkwatocin gundumomi. Don haka shari'ar jinga da ajiya da ciniki tsakanin talakawa ta ci gaba bisa Malikiyya. A gefe guda kuma aka kafa kotunan Turawa masu aiki da dokokin Ingila, waɗanda su ne kamfanoni da baƙi suke zuwa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma daga shekarun 1920 motocin ɗaukar kaya suka fara karɓe aikin jakuna da raƙuma wajen kai gyaɗa bakin dogo. Kanikawan farko a garejin Ma'aikatar Ayyuka da na En'e da na kamfanoni irin su UAC da John Holt da SCOA suka koyi aiki, kuma da yawansu mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Daga hannunsu sana'ar ta bazu zuwa garuruwan kan hanya. A nan ne aka fara samun giɓi: bakanike bai shiga ƙarƙashin Sarkin Maƙera ba, ba shi da gidan gado a sana'ar, kuma dattawan gari da alƙali ba su san cikin inji ba. Sabuwar sana'a ta shigo ba tare da idon gwani da hukuncin littafi yake dogara da shi ba.

Yana da kyau mu dubi abin da kotunan Ingila suke yankewa a wannan lokaci, domin hukunce-hukuncensu sun zama abin dubawa ga manyan kotunan Nijeriya. A shari'ar Myers da kamfanin Brent Cross ta 1934, gareji ya sa wa mota sandunan fistin da ya sayo, ɗaya daga ciki yana da ɓoyayyen aibi, ya karye ya lalata injin. Kotu ta ce mai gyaran da ya kawo kayan da kansa ya lamunce ingancinsu, sai fa idan mai mota ne ya zaɓa bai dogara da gwanintarsa ba. A shari'ar Stennett da Hancock ta 1939, an gyara ƙafar wata babbar mota, ba a ɗaura ƙarfen bakinta daidai ba, ya fita a kan hanya ya bugi wata mata mai tafiya a ƙasa. Kotu ta ɗora alhakin a kan mai gyara, ta wanke mai motar, domin ya kai aikinsa ga wanda ake ɗauka gwani ne. Daga baya, a shari'ar Hollier da garejin Rambler ta 1972, gobara ta kama mota a gareji saboda sakacin masu shi, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda su fake da rubutun da ke cewa ba ruwansu da gobara.

Wanda ya riƙe rassan da muka lissafa a baya zai ga cewa hanyoyin biyu, ko da yake mafarinsu daban, sun kusa haɗuwa. Dokar ajiya ta Ingila ita ma a kan wanda ya karɓi kaya take ɗora nauyin bayyana yadda ya salwanta. Inda suka bambanta shi ne mutum na uku. Fiƙihu yana rarrabe wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma bisa asali wanda ya yi da hannu ake fara kamawa. A haɗarin mota direba ne mai hannu, bakaniken da ya bar noti a kwance sanadi ne, yana kuma can nesa. Shi ya sa har yau idan taya ta fita mota ta kife, sunan direba ake ji, ba a cika komawa garejin da aka ɗaura tayar ba.

5.0 DAGA ARZIKIN MAN FETUR ZUWA TSADAR KAYAN GYARA

Bayan ƙirƙiro jihohi, dokar kotunan yanki ta fara aiki ran 1 ga Afrilu, 1968. Ta ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mai da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, ta kuma rufe kotunan sarakuna. Ba da daɗewa ba motoci suka yawaita fiye da yadda aka taɓa gani. Kuɗin Udoji ya shiga hannun ma'aikata a farkon 1975, a shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko, sa'an nan ta Steyr a Bauchi a 1979. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti a Birnin Kudu suka zama masu mota ko babur, kuma a 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW.

A wannan zamani gyara yana da sauƙin hukunci. Motocin iri kaɗan ne, Fijo 404 da 504 da Bitil da Bedford da Marsandi 911, kuma bakanike yakan ƙware a kan iri guda. Kayan gyara sabo ne daga dilan kamfani, a cikin kwalinsa. Idan aka sake ringi da fistin injin ya buga bayan mako guda, zato yakan fi ƙarfi a kan hannun da ya ɗaura.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya sake wannan duka. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. A 1987 ta kai wajen naira 4, ta kuma ci gaba da hawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun harhaɗawa suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin motocin Turai suka riƙa shigowa ta Kwatano. Kayan gyara ya rabu aji-aji: na asali, da na kwance wanda aka ciro daga wata mota a waje, da sabo mai araha wanda sunan kamfani kawai ya ara. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta zama inda kanikawa da direbobin yankinmu suke zuwa nema.

Daga nan aka sami al'adar da ta fi kowace dagula shari'ar gyara. Saboda tsada da rashin yarda, mai mota ya daina barin bakanike ya sayo kaya. Ko ya tafi da kansa, ko ya ɗauki yaron gareji su tafi tare, ko ya aika kuɗi ta hannun direban haya a sayo a aiko. Mu ɗauki misali. Mai motar haya a Gwaram injinsa yana shan baƙin mai. Bakanike ya sauke injin, aka aika karanshaf Kano wurin masu injin gogewa, mai mota ya sayo ringi da boris na tsaka-tsakin kuɗi, yaro ya wanke, maigida ya ɗaura, mai gyaran wuta ya haɗa wayoyi. Bayan kwana goma, a hanyar kasuwa, injin ya buga. Hannu biyar ne suka taɓa aikin ban da na direba, ga kuma ramukan hanya da ingancin man da aka zuba. Kowane ɗayansu yana da wanda zai nuna wa yatsa, kuma kowa yana da ɗan gaskiyarsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan sharaɗin ɓoyuwa ya juye ya zama cikas ga wanda aka yi shi dominsa. Direbobi da yawa sukan wuni a kan benci a gareji, don kada a musanya musu kaya. Idan aka bi zahirin hukunci, zaman nan ya sauke lamuni daga kan bakanike, tun da a gaban mai kaya aka yi aikin. Amma me mai kayan ya gani? Bai san gwargwadon ƙarfin da ya kamata a ɗaure kan inji da shi ba, ba ya kuma iya bambanta tazarar da ta yi daidai da wadda ta yi yawa a tsakanin boris da karanshaf. Mai riga da ke zaune gaban maɗinki yana ganin almakashi idan ya karkace. Mai mota yana zaune, ido buɗe, aikin kuwa a ɓoye yake gare shi. Zuwan motoci masu kwamfuta a ciki, waɗanda sai an jona musu na'ura ake karanta ciwonsu, ya ƙara zurfin wannan ɓoyuwa, har ta shafi tsofaffin kanikawa su kansu.

6.0 INDA AKE KAI ƘARA

Wanda aka ɓata wa mota a wannan yanki ƙofofi huɗu ne a gabansa, kuma kowace tana da tarihinta.

Ta farko ita ce sulhu a gareji ko a zaure, gaban mai unguwa ko limami ko wani dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne raba asara: bakanike ya sake aikin ba tare da kuɗin hannu ba, mai mota ya sake sayen kaya, kwanakin da mota ta yi a zaune kuwa a bar wa Allah. Wannan yana kiyaye zumunci, amma yakan danne wanda ya fi rauni, kuma ba ya amfanin matafiyi.

Ta biyu ita ce ƙungiya. Kanikawa suna da tasu, NATA, direbobi suna da tasu, kuma shugabannin biyu sukan zauna idan rikici ya haɗa 'ya'yansu. A ganinmu wannan ita ce magajiyar Sarkin Maƙera. A nan ne kawai za a kwance injin a gaban gwanaye, a dubi launin ƙarfe a ce wannan rashin mai ne, wannan kuwa ɗauri ne ya yi yawa. Rauninta shi ne 'yan sana'a ɗaya ne suke duba aikin ɗan'uwansu, kuma hukuncinta ba shi da ƙarfin tilasta wa wanda ya ƙi.

Ta uku ita ce ofishin 'yan sanda. Kundin dokokin laifuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi laifin cin amana da na zamba da na ɓarna da gangan. Bakaniken da ya sayar da batirin da aka bar masa, ko ya karɓi kuɗin kaya na asali ya sa jabu yana sane, ya shiga wannan babi, babu shakka. Amma gyaran da bai yi kyau ba saɓa alkawarin jinga ne, maganinsa ranko. Sai dai da yake tsare mutum ya fi shari'a saurin fito da kuɗi, an daɗe ana sanya wa kuskure rigar laifi, kuma wanda aka tarar a gareji ake kamawa, ko da yaro ne mai koyo. Wannan ya saɓa wa reshe na huɗu na fiƙihu, ya kuma saɓa wa Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta hana kama mutum a kan rikicin da bai wuce na saɓa yarjejeniya ba.

Ta huɗu ita ce kotu. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a, kotunan yanki suka koma kotunan Shari'a, ga kuma kotunan majistare da Babbar Kotu. A gaban alƙali, mai da'awa ne zai kawo shaidu, wanda ya musanta ya yi rantsuwa, kuma a al'amarin dukiya Malikiyya ta yarda da shaida guda haɗe da rantsuwar mai ƙara. Amma jingar gareji da baki ake ƙulla ta, babu rasit, tsohon kayan da aka cire an sayar wa 'yan gwangwan, kuma shaidun da suka halarta yaran maigida ne. Ta fuskar dokar tarayya, an yi dokar kare masu sayen kaya a 1992, sa'an nan aka maye gurbinta da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019. Ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, a kuma mayar masa da kayansa ba a halin da ya fi na da muni ba, in ba haka ba a gyara ko a mayar masa da wani kashi na kuɗinsa. Kalmomin sababbi ne, amma ma'anar alƙalan Kano sun san ta tun ƙarni na 19. Abin da ya rage shi ne nisan da ke tsakanin ofishin hukuma da inuwar darbejiyar da ake sauke inji a ƙarƙashinta.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa a da hukunci da gwaninta a wuri guda suke, alƙali yana da littafi, sarkin sana'a yana da ido. Zuwan mota ya raba su: hukunci ya zauna a kotu inda ba a san inji ba, gwaninta ta koma ƙungiya inda babu ikon zartarwa. Tsadar da ta biyo bayan 1986 kuma ta yawaita hannuwan da ke cikin gyara guda. Bisa ga wannan muna gabatar wa mahalarta wannan taro shawarwari uku don a tattauna.

Na ɗaya, muna roƙon malamanmu na fiƙihu su sake duban sharaɗin ɓoyuwa. Tun da maslaha ce ta haifi hukuncin, muna ganin zaman mai mota a gareji bai kamata ya sauke lamuni ba a kan aikin da idonsa ba ya iya tantancewa. Haka kuma ya kamata a fayyace waɗanne gyare-gyare ne suka shiga babin kasada, kamar kwance tsohon noti mai tsatsa ko walda a kan tsagaggen inji, domin a kare bakanike mai gaskiya.

Na biyu, kotuna su riƙa kiran gwanayen sana'a su duba aiki bisa tsari, kuma a ɗauko su daga wani gari, na Gwaram su duba na Birnin Kudu, na Birnin Kudu su duba na Gwaram, don a rage kunyar ido.

Na uku, ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi su wajabta 'yar takarda, da boko ko da ajami, mai ɗauke da abin da aka ce a gyara, da wanda ya sayo kaya da ajinsa, da kwanakin da bakanike ya lamunce aikinsa, a kuma miƙa wa mai mota tsohon kayan da aka cire. Wanda ya zaɓi mai araha da kansa ya san araha ba ta ado, wanda kuma ya ce a bar masa zaɓi ya ɗauki lamuni. Matafiyin da motarsa ta tsaya a Kari ko Ningi zai sami abin da zai dawo da shi a hannu.

Muna fata masu nazarin tarihi da na shari'a za su ɗora daga inda muka tsaya, musamman ta hanyar zama da tsofaffin kanikawa da direbobin wannan hanya tun suna raye. Allah Ya sa mu dace.